ALLURAR DA KE CUSA ƘWAYAR NAMIJI CIKIN ƘWAN MACE

Idan aure ya yi shekara uku ko huɗu ba a ji kukan jariri a gida ba, kowa ya san wadda ake fara kallo. Uwar miji ta soma gyaran murya, dangi su shiga kawo shawara, a kai matar wajen wannan a kai ta wajen wancan, ta sha jiƙo ta sha sassaƙe, daga bisani a ce wa maigida ya ƙara aure. Wani ya ƙara, ya kuma ƙarawa, amma shiru kake ji. Sai a sa'an nan ne, in an yi sa'a, wani zai yi ƙarfin hali ya ce, to, ko shi ma Malam zai je a duba shi?

Likitoci kuwa sun daɗe da sanin amsar wannan tambaya. A cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, kusan rabi akwai hannun namiji a ciki, ko dai shi kaɗai, ko kuwa shi da matar baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2023 cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida na baligan duniya yakan gamu da rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ƙasashe masu arziki da matalauta kusan kunnen doki suka yi a wannan lissafi.

A yau za mu duba wata dabara da aka ƙago musamman domin irin waɗannan maza, watau ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak da allura a cusa ta cikin ƙwan mace. Turawa suna rubuta sunanta da haruffa huɗu, ICSI, suna furta shi iksi. Muna neman gafarar masu karatu tun daga nan, domin magana ce ta likita, ba makawa sai an kira kowane abu da sunansa.

DAGA INGILA ZUWA BELJIYAM

A ran 25 ga watan Yuli, 1978, aka haifi Louise Brown a garin Oldham na ƙasar Ingila. Ita ce ta farko a duniya da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a wajen jiki. Likitan mata Patrick Steptoe da masanin kimiyya Robert Edwards ne suka yi aikin, har aka ba Edwards kyautar Nobel a 2010, bayan abokin aikin nasa ya daɗe da rasuwa. Jaridu suka laƙaba mata suna jaririyar kwalba, ko da yake kwana biyu da ɗoriya kaɗai ta yi a ɗakin gwaji kafin a mayar da ita mahaifar uwarta.

Yadda ake wannan haɗi na asali ba shi da wuyar ganewa. A fitar da ƙwai daga jikin mace, a sa shi a ɗan faranti, a zuba masa ƙwayoyin maniyyi kamar 50,000 zuwa 100,000, a bar su su kwana tare. Wannan ya warware matsalar macen da hanyoyin ƙwanta suka toshe. Amma fa har yanzu ƙwayar namiji ce za ta yi wahalar da kanta. Sai ta yi iyo ta isa wurin, ta ratsa tarin ƙananan ƙwayoyin da suka lulluɓe ƙwan kamar gajimare, ta manne wa ɓawonsa, ta huda shi, kana ta haɗe da tantanin da ke ciki. Namiji lafiyayye, bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, yakan sami ƙwayoyi miliyan 16 ko fiye a cikin kowane mililita na maniyyinsa. To, ina labarin wanda ke da 'yan ɗaruruwa? Ina wanda nasa ba sa motsi sosai, ko wanda ba a ganin ko ɗaya? Irin wannan, haɗin kwalba bai tsinana masa kome ba.

Abin da ake gaya masa a ƙasashen Turai a lokacin shi ne ya yarda a yi amfani da maniyyin wani. Wannan kuwa ƙofa ce rufaffiya ga Musulmi. Tun a 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaihu Jadul Haƙ, ya ba da fatawar cewa haɗin ya halatta muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren yana nan. Shigar wani na uku a tsakani haram ne. Kiristoci da yawa ma ba su yarda da shi ba.

Saboda haka a ƙarshen shekarun 1980 masana suka dukufa neman hanyar da za su taimaki ƙwayar da ba ta da ƙarfi. Wasu suka riƙa tsaga ɓawon ƙwan don su buɗe mata ƙofa. Wasu suka riƙa tura ƙwayoyi uku zuwa biyar ko fiye ƙarƙashin ɓawon, su ajiye su a bakin tantani. A Singafo aka fara samun ciki ta wannan hanya a 1988. Sai dai ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ƙwan da ke haɗuwa ba su cika wuce ɗaya cikin biyar ba, wani lokaci kuma ƙwaya biyu ko uku su shiga a lokaci guda, ƙwan ya tashi a banza. Babu mai son huda tantanin kansa, domin ana ganin yin haka kashe ƙwan ne.

A asibitin wata jami'a da ke Brussels, babban birnin ƙasar Beljiyam, akwai wani matashin likita ɗan Italiya mai suna Gianpiero Palermo, yana aiki a ƙarƙashin Farfesa André Van Steirteghem. Yana cikin wancan aiki na tura ƙwayoyi ƙarƙashin ɓawo, sai allura ta zarce ta huda tantani, ƙwaya guda ta faɗa can cikin ƙwan. Aka ɗauka ya lalace. Da gari ya waye aka duba, ashe ya haɗu. Maimakon ya share abin a matsayin kuskure, sai ya shiga maimaita shi da gangan. An haifi jariri na farko ta wannan hanya a watan Janairu na 1992, kuma a cikin shekarar suka buga rahotonsu a mujallar likitoci ta Lancet: ƙwai 47 aka yi wa allura, 38 suka rayu, 31 suka haɗu, aka sami ciki huɗu, ɗaya ya zube tun da wuri, sauran ukun suka ba da jarirai huɗu domin ɗaya tagwaye ne.

A lura da waɗannan alƙaluma da kyau. Tara daga cikin 47 sun mutu a bakin allura, bakwai kuma sun rayu amma ba su haɗu ba. Tun daga ranar, kusan duk gyaran da aka yi wa dabarar ya ta'allaƙa ne a kan waɗannan gida biyu: yaya za a huda ƙwai ba a kashe shi ba, kuma yaya za a tabbatar ya farka bayan an huda shi.

ABIN DA AKE YI A ƘARƘASHIN MADUBI

Kafin a je ga allura, matar takan yi kamar kwana goma zuwa goma sha biyu tana karɓar alluran da ke sa ƙwai da yawa su nuna a wata guda. Kimanin awa 36 bayan allurar ƙarshe likita yakan zuƙo su. Daga nan aiki ya bar hannun likita ya koma hannun ma'aikacin ɗakin gwaji, mutumin da yawancin ma'aurata ba sa ko ganin fuskarsa.

Faɗin ƙwan mace kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Ƙwayar namiji kuwa, mai kama da talibambam, kanta ya fi ƙwan ƙanƙanta fiye da sau ashirin. Allurar da za ta ɗauke ta ta gilashi ce, an ja ta a wuta har bakinta ya fi gashin kai siranta kamar sau goma. Hannun ɗan Adam ba zai iya riƙe irin wannan abu ba tare da rawa ba, don haka akan ɗaura ta a kan wata na'ura da ke jikin madubin likita. Ma'aikaci ya murɗa sanda da yatsunsa, na'urar ta rage motsin ya zama ɗan ƙiris. A hagu akwai wani bututun gilashi mai dakusasshen baki da ke tsotse ƙwan ya riƙe shi, allura kuma tana dama.

Da farko akan wanke ƙwan daga gajimaren nan da wani sinadari mai narkar da danƙonsa, a ƙarasa da tsotsa da fesarwa ta cikin siririn bututu. Nan ma akwai wurin ɓarna, domin in sinadarin ya yi yawa, ko bututun ya yi matsi, ƙwan yakan wahala tun kafin allura ta taɓa shi. Amfanin wankewar shi ne a ga ko ya nuna. Nunannen ƙwai yana da wani ɗan ƙullutu a gefe, tsakanin ɓawo da tantani, wanda ya fitar lokacin da ya zubar da rabin zarurrukan gadonsa. Wanda bai fitar da wannan ƙullutu ba ɗanye ne, ba a yi masa allura. Shi ya sa mace za ta ji an ce an samo ƙwai 12, amma 9 kaɗai aka yi wa aiki.

KARYA WUTSIYA

A nan ne abin mamakin yake. Mai hankali zai zaci ƙwayar da ta fi kuzari za a ɗauka a sa ta a ciki da ranta da motsinta. Gaskiya ne mai motsi ake zaɓa, domin motsi shi ne shaidar tana da rai. Amma kafin a ɗauke ta sai an nakasa ta. Akan saki ƙwayoyin a cikin wani ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa don gudunsu ya ragu, ma'aikaci ya zaɓi mai kyan kai da miƙaƙƙiyar wutsiya, ya sauke bakin allura a kan wutsiyar, ya danne ta da gindin faranti, ya ja da sauri har ta lanƙwashe. Sa'an nan ya zuƙe ta ta wajen wutsiya, kanta yana kallon bakin allura.

Da farko an ɗauka amfanin wannan bai wuce a hana ta yawo cikin ƙwai tana ɓarna ba. A tsakiyar shekarun 1990 ɗakunan gwaji dabam-dabam suka lura cewa idan an murje wutsiyar da ƙarfi, ƙwan da ke haɗuwa sun fi yawa ƙwarai bisa ga in an taɓa ta sama-sama, musamman ma idan ƙwayar daga maraina aka ɗebo ta. Cikakken dalilin bai fito ba sai a 2002, lokacin da masana a Birtaniya suka gano wani sinadari a cikin ƙwayar namiji wanda shi ne ke tada ƙwai daga barci.

Ga yadda abin yake. Nunannen ƙwai a tsaye yake cak, ya dakata a tsakiyar rabuwarsa yana jira. A haɗuwa irin ta halitta, fatar ƙwayar namiji takan narke cikin tantanin ƙwai, abin da ke cikinta ya tsiyaye. Wannan sinadari ya sa gishirin kalsiyam ya riƙa tasowa yana sauka a cikin ƙwan, sau da yawa, har na tsawon awoyi, kamar mai buga ƙofa yana maimaitawa. Wannan bugun ne ke sa ƙwai ya ƙarasa rabuwarsa, ya rufe ƙofa ga sauran ƙwayoyi, ya soma zama ɗan tayi. To, a aikin allura babu wannan narkewa. An jefa ƙwayar ne da fatarta a rufe. Idan ba a yage fatar ba, sinadarin zai makara wajen fitowa ko ma ya ƙi, ƙwan ya ci gaba da barcinsa da baƙo kwance a cikinsa. Da aka riƙa bincika ƙwan da suka ƙi haɗuwa bayan allura, a mafi yawansu an tarar da kan ƙwayar yana nan ciki, farkawa ce kawai ba a yi ba.

Amma murjewar ma tana da iyaka. A wuyan ƙwayar, tsakanin kai da wutsiya, akwai wani ɗan ƙaramin abu da ɗan Adam ke gada daga uba, wanda shi ne ke shirya rabuwar farko ta ɗan tayi. Ma'aikacin da ya danna wuya maimakon wutsiya yana iya lalata shi. Tazarar da ke tsakanin gyara da ɓarna a nan ba ta kai kaurin gashi ba.

Akwai kuma mazan da ƙwayoyinsu ba su da isasshen wannan sinadari tun asali, kamar masu ƙwayoyi masu mulmulallen kai. Su kam ko an murje wutsiya yaya, ƙwai ba ya farkawa. Akan gwada tsoma ƙwan na ɗan lokaci a cikin wani magani mai shigar da kalsiyam don a tashe shi da ƙarfi, kuma an sami haihuwa ta haka.

ƘARFE 12 DA ƘARFE 3

Mata masu kaɗi sun san mazari. Masana sun ba wani abu da ke cikin ƙwai wannan suna saboda kamarsa: wasu siraran zaruruwa ne masu kauri a tsaka da tsini a baki biyu, a kansu ne zarurrukan gado 23 na uwa suke jere suna jiran a raba su. Idan allura ta bi ta kansa ta tarwatsa shi, rabon zai karkace, ɗan tayin ya sami ƙari ko ragi, kuma irin wannan ba ya zama mutum sai nadiran.

Matsalar ita ce madubi na yau da kullum ba ya nuna mazarin. Abin da aka sani shi ne yawanci yana kusa da ɗan ƙullutun nan. Don haka ma'aikaci yakan ɗauki ƙwan tamkar fuskar agogo, ya juya shi har ƙullutun ya tsaya a ƙarfe 12 ko ƙarfe 6, ya shigar da allura ta ƙarfe 3. Daga baya da aka sami madubi mai wani irin haske da ke bayyana mazarin, sai aka ga ba kullum yake zaune inda ake zato ba. A wasu ƙwan ya gusa, wani lokaci ma wankewar farko ce ta ture ƙullutun daga wurinsa. Duk da haka dokar agogon ita ce ake bi a yawancin wurare.

Mazarin nan kuma ba ya son sanyi ko kaɗan. Idan ƙwai ya sauka daga zafin jiki, watau digiri 37, zuwa zafin ɗaki na 'yan mintoci, zaruruwan sukan warware, kuma ba lallai su koma daidai ba in an sake ɗumama shi. Shi ya sa teburin madubin kansa yake da ɗumi, ake kuma fitar da ƙwai kaɗan-kaɗan daga akwatin reno a yi musu aiki a mayar. Mai saurin hannu ya fi mai nawa ko da iliminsu ɗaya. A ƙasa irin tamu, inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, tambayar injin wuta da batirin ajiya na ɗakin gwaji ba ƙaramar tambaya ba ce ga mai shirin zuba kuɗinsa.

Saura hudawar kanta. Ɓawo ba ya ba da wahala, allura mai tsini takan ratsa shi. Tantanin ne mai taurin kai, domin yana miƙewa kamar roba. Allura za ta shiga har tsakiyar ƙwai, mai kallo ya rantse ta huda, alhali tantanin ya bi ta ne kawai ya lotsa kamar mazurari. Wanda ya saki ƙwayar a haka ya ajiye ta a waje ke nan, da ya zare allura sai ta biyo shi. Don haka sai ya ɗan zuƙo ruwan cikin ƙwan a hankali har ya ga ya zabura cikin allura farat ɗaya, alamar tantani ya fashe, kana ya mayar da abin da ya zuƙo tare da ƙwayar, yana kiyaye kada ruwan nan mai yauƙi ya bi ta da yawa. In zuƙar ta yi kaɗan ba a huda ba. In ta yi yawa an yamutsa kayan cikin ƙwai. Wasu ƙwan kuma tantaninsu ba shi da ƙwari, da taɓawa sai ya fashe ba tare da ya lotsa ba, kuma su ne suka fi mutuwa, domin ramin ba ya rufewa da kyau. A hannun gwanaye a yau, ƙwan da ke lalacewa ba su cika wuce 5 zuwa 10 cikin 100 ba, waɗanda ke haɗuwa kuma sukan kai 70 zuwa 80.

Don rage wannan hasara ne wasu suka koma ga wata allura mai dakusasshen baki wadda ke huda ƙwai da ɗan girgiza na lantarki, ba tare da zuƙar kome ba. Ryuzo Yanagimachi da abokin aikinsa suka nuna amfaninta a 1995 a kan ƙwan ɓera, wanda ke fashewa da allurar gargajiya. A Japan aka fi amfani da ita ga mutane, kuma asibitocin da ke yin ta suna ba da rahoton ƙarancin mutuwar ƙwai, musamman masu raunin tantani.

BAYAN ALLURA

Awa 16 zuwa 18 bayan aikin akan duba. In an ga wasu da'irori biyu a tsakiyar ƙwai, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba, to an haɗu daidai. A rana ta biyu ya rabu huɗu, a ta uku takwas, a ta biyar ya zama ɗan ƙwallo mai rami da ƙwayoyi ɗari ko fiye. A rana ta uku ko ta biyar ake mayar da shi mahaifa, sauran a daskarar da su.

Ma'aikatan Brussels sun buga wani rahoto a 1995 da ya faranta ran maza da yawa: yawan ƙwayoyin mutum, da saurinsu, da kyan surarsu, duk ba su sauya sakamakon allura sosai ba, in dai an sami mai rai guda ga kowane ƙwai. Inda aka sha kashi shi ne inda babu mai motsi ko ɗaya, domin ba a bambance rayayya da matacciya. Ko wannan ma an samo masa dabara: a sa su a ruwa mai ƙarancin gishiri, mai rai sai wutsiyarta ta kumbura ta naɗe. Tun daga 1993 kuma aka fara ɗebo ƙwayoyi kai tsaye daga maraina, ga mazan da ciwon sanyi ko wani aikin tiyata ya toshe musu hanya. A 1999 Peter Schlegel na Amurka ya bayyana hanyar buɗe maraina a ƙarƙashin madubi a nemi 'yan wuraren da ke da ƙwaya, kuma akan dace a kusan rabin mazan da a da ake ce musu ba su da kome.

Sai dai ikon allura ya tsaya ne a haɗawa. Kwana biyu zuwa uku na farko ɗan tayi yana tafiya ne da guzurin da uwa ta zuba a cikin ƙwai. Daga wajen rana ta uku yake fara aiki da gadonsa na kansa, na uwa da na uba, kuma a nan ne aibin da ke ɓoye a cikin ƙwaya yake fitowa. Sai ka ga ƙwai goma sun haɗu lafiya, amma uku kaɗai suka kai rana ta biyar. Ma'aikaci sura yake gani, ba ya ganin abin da ke cikin kai. Shekarun mace kuma suna nan da ƙarfinsu: ƙwan 'yar shekara 42 bai zama na 'yar 28 ba don an yi masa allura.

An yi ƙoƙarin gyara zaɓen. A Isra'ila aka fito da madubi mai ƙara girma fiye da sau 6,000, maimakon 200 zuwa 400 da aka saba, don a ga ramukan da ke kan ƙwaya. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, ba a tabbatar ya ƙara yawan jariran da ake haifa ba. Wata hanyar kuma ita ce a zaɓi ƙwayar da ta manne wa irin danƙon da ke kewaye da ƙwai, bisa hujjar cewa nunanniya ce ke mannewa. An gwada ta a kan ma'aurata 2,772 a Birtaniya, aka buga sakamako a 2019: haihuwa a kan lokaci ta kasance kashi 27 da kashi 25 cikin 100, bambancin da bai isa a kafa hujja da shi ba, ko da yake ɓari ya ragu daga kashi 7 zuwa kashi 4.

BA KOWA KE BUKATARTA BA

Abin da ya faru bayan nan, a ganinmu, ya fi kama da kasuwanci bisa ga likitanci. Dabarar da aka ƙago domin maza masu matsananciyar matsala sai ta zama ta kowa da kowa. A Amurka, aikin allura ya tashi daga kashi 36 cikin 100 na haɗin kwalba a 1996 zuwa kashi 76 a 2012, kuma ƙarin ya fi yawa a wajen ma'auratan da mijin lafiyarsa ƙalau. Asibiti yana tsoron ranar da za a wayi gari ba ƙwai ko ɗaya da ya haɗu, ma'aurata kuma suna ganin abin da ya fi tsada shi ya fi kyau.

Gwaji bai goyi bayan wannan ba. A Biyetnam an raba ma'aurata 1,064 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, dukansu mazan ba su da matsalar yawa ko motsi. Rahoton 2021 ya nuna haihuwa kashi 35 ga masu allura, kashi 31 ga masu haɗin asali, bambancin da masana suka ce bai wuce na sa'a ba. A ƙasar Sin an maimaita da ma'aurata fiye da 2,300 waɗanda matsalar mazan ba ta yi tsanani ba. A rahoton 2024 masu allura suka sami kashi 34, masu haɗin asali kashi 37. Inda allura ke da gurbi na gaskiya sananne ne: ƙwayoyi 'yan kaɗan ko marasa ƙarfi ƙwarai, waɗanda aka ɗebo daga maraina, ƙwan da aka daskarar aka narke, da ma'auratan da aka taɓa yi wa haɗin asali bai kama ba.

Game da 'ya'yan da aka haifa kuwa, mafi yawansu lafiya lau suke, na farkonsu sun haura shekara talatin. Wani bincike a Ostareliya ta Kudu da aka buga a 2012 ya sami naƙasar haihuwa kusan kashi 10 cikin 100 a 'ya'yan allura, kashi 7 a na haɗin asali, kusan kashi 6 a sauran jama'a, kuma masana suna danganta wani kaso na wannan da matsalar iyayen kanta. A 2016 asibitin Brussels ya auna samari 54 'yan shekara 18 zuwa 22 daga cikin 'ya'yan allura na farko, ya tarar yawan ƙwayoyinsu kusan rabin na tsaransu ne. Wasu mazan rashin haihuwarsu ya samo asali ne daga wani guntu da ya ɓace a zaren gadon da ke sa a haifi namiji, kuma duk ɗa namijin da suka haifa ta allura zai gaje shi. Saboda haka ake shawartar mai ƙarancin ƙwaya ƙwarai ya yi gwajin jini kafin a fara.

A nan Nijeriya aikin ba baƙo ba ne. Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara haɗin kwalba a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas tun a shekarun 1980, Dokta Ibrahim Wada kuma ya sami haihuwa ta wannan hanya a Abuja a 1998. A yau ana yin aikin allura a asibitoci da dama na manyan biranenmu, yawancinsu masu zaman kansu, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mafi yawan ma'aikata.

Matakin farko dai ba shi da tsada haka. Gwajin maniyyi ne, wanda manyan asibitocin gwamnati ke yi: mutum ya ƙaurace wa iyalinsa kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da abin gwaji, a duba shi cikin awa guda. In sakamako bai yi kyau ba, ba a yanke hukunci da shi kaɗai, sai an sake bayan kamar wata uku, domin ƙwayar namiji takan ɗauki kimanin kwana 74 kafin ta nuna, kuma zazzaɓi mai zafi da aka yi a watan jiya ya isa ya rage ta a gwajin yau.